Kyamarar Baba Mai Hoto da Gwanjon da Babu "Albarka"

Akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba Mai Hoto. Shagonsa ɗan ƙarami ne, da kujera mai hannu da labule mai zanen lambu, inda iyaye da kakanni da yawa suka tsaya aka ɗauke su. Da wayoyi suka yi yawa, ciniki ya mutu. Yana cikin wannan kuma sai yanar ido ta rufe masa gani, har ya koma da murya yake gane mutane.

Likita ya ce aiki za a yi, kuma kada a ja lokaci. Abin da ya fi cin ran Baba shi ne jikarsa da 'yarsa Auta ta haifa, wadda yake tsokana da "amaryata". Tun da aka haife ta bai taɓa ganin fuskarta sosai ba, sai dai inuwa mai gudu da surutu.

Kuɗin aikin kuwa babu su. Abu mai daraja ɗaya ya rage masa: tsohuwar kyamararsa ta fim, mai jakar fata, wadda yake gogewa kullum kamar ba ta daina aiki ba.

Auta, wadda ke aiki a shagon sayar da waya, ta ce, "Baba, akwai shafin gwanjo a intanet. Masu son tsoffin kaya suna can. Mu sa ta."

Ya miƙa mata jakar.

Ta ɗauki hoton kyamarar ta kowane gefe, ta haɗa da wasu tsoffin hotunan da ke manne a bangon shagon don a ga irin aikinta. Baba ya dage sai an rubuta cewa maɓallinta yana ɗan maƙalewa. Auta ta ce ba dole ba ne. Ya ce dole ne.

Da aka zo farashin farawa, ta faɗi abin da za ta sa, Baba ya zabura.

"Nawa? Auta, kin san me kike faɗa? Ai wannan ko katin waya mai kauri ba zai saya ba! Da kyamarar nan na ciyar da ke, da ita na aurar da ke."

"Baba, ka yi haƙuri. In muka fara da tsada, kowa wucewa zai yi. In muka fara ƙasa, mutane za su tsaya, wannan ya taya, wancan ya ƙara."

Ya yi tsaki. Amma da ya yi tunani, sai ya ga babu asara. Ai a kasuwa ya girma. In tayi bai yi maka ba, sai ka ce "albarka", ka naɗe kayanka. Ya ce ta sa.

Washegari aka samu tayi ɗaya, ɗan kaɗan a kan farashin farawa. Baba ya gyara zama ya ce, "Rubuta masa albarka."

Auta ta ɗago kai daga wayar. Sai a lokacin ta gane ba ta yi masa bayani ba, shi kuma bai tambaya ba.

"Baba, a nan babu albarka. Tunda an fara tayi, duk wanda ya fi kowa a lokacin rufewa, tasa ce."

"Ko da nawa ne?"

"Ko da nawa ne."

Bai yi mata faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. Ya laluba ya ɗauki jakar ya ɗora a cinya, ya riƙe. Wallahi duk wanda ya gan shi ranar sai ya tausaya masa: ga kyamara za ta tafi a banza, ga ido ba a gyara ba.

Tayi ya ci gaba da rarrafe. Maƙwabcinsa mai gyaran agogo, wanda ba ya rasa dabara ko da ba a tambaye shi ba, ya leƙo ya ji labari.

"Haba, wannan ne ya hana ka cin abinci? A buɗe mini suna a shafin, in riƙa tayawa ina ɗaga musu. Wa zai sani? Kai dai ka saya mini shayi."

Maganar ta shiga Baba, kada a yi ƙarya. Har ya buɗe baki zai kira Auta, sai ya fasa.

"Wanda zai saya, da guminsa zai saya," in ji shi. "In na cuce shi aka gyara mini ido da kuɗinsa, da wane idon zan kalle shi?"

Mai agogo ya ɗaga kafaɗa. "To, malam na Allah, sai ka ci gaba da gane mu da tari."

Ana cikin haka saƙo ya shigo. Wata malamar makaranta ce. Arhar farashin ce ta sa ta tsaya, don ta ga ko za ta samu abin nuna wa ɗalibanta. Tana duba hotunan sai ta ga wani mutum tsaye da keke a gaban labule mai zanen lambu. Mahaifinta ne. Ya rasu tana ƙarama, kuma hotonsa ɗaya da suke da shi ya ɓata a wani tashi da suka yi. Ta ce ba ta da ƙarfin kyamara, amma don Allah a sayar mata da hoton, ko nawa ne.

Auta ta karanta masa, ta ƙara da murya ƙasa-ƙasa, "Baba, ta ce ko nawa ne fa."

Baba ya ce, "Mai keke? Dogo, mai yawan dariya? Sai da na roƙe shi ya rufe baki kafin na ɗauka. Ai ya biya tun ranar. Ki ce ta zo ta karɓi ubanta."

Ta zo da rana. Baba ya laluba bango da yatsu, ya cire hoton da kansa, don ya san inda kowanne yake. Malamar ta riƙe shi ta fashe da kuka. Ta fito da kuɗi, ya ture hannunta.

"'Yata, mayar. Ba a sayar wa mutum da nasa."

Ta lura da yadda yake kallon gefenta maimakon fuskarta. A bakin ƙofa ta tambayi Auta, Auta ta gaya mata gaskiya.

Da malamar ta koma gida, ta sa hoton mahaifinta a shafinta, ta ba da labarin dattijon da ya ƙi karɓar ko sisi, ta nuna inda ake gwanjon.

Sai ga mutane. Wannan ta ce a gaban labulen nan aka ɗauki hoton aurenta. Wancan ya ce a kujerar nan ya yi kuka yana yaro har Baba ya ba shi alewa. Da yake tayin bai yi nisa ba, masu ƙaramin ƙarfi ma suka shiga, kowa ya ƙara abin da zai iya. Hayaniyar ta jawo masu tara tsoffin kyamarori, su kuma da suka ga an faɗi aibin kyamarar a fili, suka yarda da sauran bayanin.

Ranar rufewa wayar Auta ba ta huta ba. Mai agogo ya bar shagonsa a buɗe ya zo yana leƙe, yana cewa shi dama ya san za a yi haka. Da lokaci ya cika, Auta ta faɗi adadin. Ya isa aikin ido, har da ragowa.

Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhamdulillahi." Ya goge kyamarar gogewar ƙarshe, ya rufe jakar da hannunsa. Ya ji zafin rabuwa da ita, bai ɓoye ba.

Ranar da aka cire masa bandeji, ya ƙifta ido, haske ya dame shi. A hankali fuskoki suka fito. Ga Auta, ga malamar nan ta zo dubiya. A bakin gado kuma wata 'yar yarinya ta zura masa ido, tana murmushi da wushirya irin ta marigayiyar matarsa sak.

Hawaye suka zubo masa. Ya ce, "Amaryata, ashe haka kike da kyau, aka bar ni ina ta jan aji?"

Yarinyar ta ce, "Kaka, kai kuma ashe kuka kake yi."

Darasi: Farawa daga ƙasa ba ya rage darajar abu, kuma ba ya rage darajar mutum. In ka ga tayin rayuwarka yana rarrafe, kada tsoro ya tura ka ga ha'inci. Ka riƙe gaskiya, ka yi alheri ko kana cikin buƙata. Sannan kafin ka sa kaya a gwanjon intanet, ka tambayi ƙa'idarsa, don ba kowace kasuwa ake cewa "albarka" ba. Ku tura wa wanda kuka san ya gaji da jira, wataƙila yau yake buƙatar jin wannan.