Shuɗin Layin da Muka Goge

A sashen tsara gari na majalisar birninmu akwai wani injiniya da muke kira Sha-Yanzu, domin shi komai nasa sha yanzu magani yanzu ne. Yana da kaifin ƙwaƙwalwa, ba ya karɓar na goro, kuma bai taɓa makara zuwa aiki ba. Aibinsa ɗaya ne: ba ya iya jira. In ya ɗora ruwan shayi sai ya buɗe murfin butar sau uku kafin ya tafasa. Ni ne mai zanen taswira a sashen, teburina yana kallon nasa, don haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba. Da ni aka yi.

A bangon ofishinmu akwai babbar taswira ta shirin shekara ashirin. Tsohon shugaban sashenmu, Baba Safiyo, shi ya zana ta kafin ya yi ritaya. Ya nuna inda makaranta za ta zauna, da asibiti, da kasuwa, kowanne da shekarar da za a gina shi. A tsakiyar gari ya bar wani fili mai kwari fayau, ya ratsa shi da shuɗin layi, ya rubuta a gefe: “Hanyar ruwa. Kada a yi gini a nan sai an gama babbar magudana.” Magudanar tana shekara ta biyar, tashar mota kuma tana shekara ta takwas. Baba yana da wata ƙa’ida da muke yi wa dariya a bayan idonsa. Ba ya amincewa da wurin gini sai ya je da lema ana tsaka da ruwan sama, ya tsaya ya ga inda ruwan yake bi.

A shekara ta huɗu aka zaɓi sabon Ciyaman, shi ma kuma mai gaggawa ne. Ya kira mu ofishinsa, ni ina riƙe da taswira, Sha-Yanzu yana bayani. Da aka zo kan magudana sai Ciyaman ya yamutsa fuska.

“Injiniya, shekara uku gare ni a kujerar nan,” in ji shi. “Ka taɓa ganin an tara jama’a an yanke ƙyalle don buɗe kwata? Abin da ke ƙarƙashin ƙasa wa zai gani? Tasha nake so, kuma a filin can na tsakiyar gari.”

Na zaci Sha-Yanzu zai nuna masa rubutun Baba. Sai na ga idonsa yana ƙyalli. Shekara goma sha ɗaya yana aiki bai taɓa ganin ginin da ya zana ya tashi ba, kullum sai a ce lokacinsa bai yi ba. Ya ce, “Ranka ya daɗe, wata tara ya ishe ni.”

Da muka koma ofis ya shimfiɗa taswirar a teburina ya ɗauko abin goge fensir. Na ce masa, “Abokina, in ka toshe kwarin nan ruwan unguwar ƙasa zai nufa. Gidan Yaya fa yana can.”

Yaya ita ce babbar yayarsa, wadda ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu. Da keken ɗinki ta yi masa makaranta, kuma tun da mijinta ya rasu, wannan keken da ɗan gidan nan na ɗaki uku su ne duk abin da ta mallaka.

“Za mu yi ƙaramar kwata a gefe, ta isa,” ya ce. “Kafin wani babban ruwa ya zo an yi magudanar. Kai dai danne mini takardar.”

Na danne masa gefen takardar da tafin hannuna don kada ta yage, shi kuma ya goge shuɗin layin da rubutun da ke gefensa. Bai ɗauki minti biyu ba. Da taswirar da aka goge aka shiga zauren majalisa, kansiloli suka ga fili a banza a tsakiyar gari, suka ɗaga hannu.

Ana cikin zuba kankare sai ga Baba Safiyo ya zo wurin yana dogara sanda. Bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana kallon katangar da aka gindaya a bakin kwarin, sannan ya ce, “Kun zo nan da damina?”

“Baba, yanzu zamani ya canza, da lissafi ake aiki,” in ji Sha-Yanzu.

“To madalla. Sai dai shi ruwa bai iya karatu ba. Ba zai san kun goge hanyarsa ba.”

Muka yi dariya, ni har da tafawa, don kada a ce ina bayan tsoho.

An buɗe tasha cikin wata takwas da rabi. An yanke ƙyalle, an ɗauki hoto, Ciyaman ya rungumi Sha-Yanzu a gaban jama’a. Maganar magudana kuwa aka tura ta baɗi, baɗi ta tura ta baɗin baɗaɗa. Daminar farko ta zo da sauƙi, ƙaramar kwatar ta ɗauke, Sha-Yanzu ya riƙa zolayata yana cewa ina ambaliyar da na yi masa alkawari.

A damina ta biyu, wata Talata da hantsi, aka sako ruwa kamar da bakin ƙwarya. Muna ofis muna kallo ta taga. Ruwan da ya saba gangarawa kwari ya iske katangar tasha, ya juya ya nufi unguwar ƙasa gaba ɗaya. Kafin azahar gida goma sha bakwai sun zube. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Amma Yaya ta koma ɗaki don ta jawo kekenta, bango ya faɗo mata a ƙafar dama. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu kwana shida, a na bakwai suka yanke ƙafar daga gwiwa.

Sha-Yanzu ya ɗauko ta ya kawo ta gidansa, ya ba ta ɗakin da ya fi kyau. Babu wanda ya tuhume shi. Rahoton majalisa ya ce ruwan bana ne ya wuce misali, kowa ya karɓa a haka. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yabon da Yaya take yi masa. Duk wanda ya zo dubiya sai ta ce, “Ku taya ni gode wa ƙanena. Wahalata a kansa ba ta tafi a banza ba.” Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai ya fice. Ya rame, ya daina shan shayin nan nasa, ya kan zauna a ofis yana kallon taswirar bango har a tashi. Ni ma ban tsira ba. Duk sanda na shimfiɗa takarda na danne gefenta, sai in tuna da shuɗin layin nan.

Wata Asabar da safe ya zo gidana ya ce, “Tashi ka raka ni. Ni kaɗai ba zan iya ba.”

Muka same ta zaune a kan tabarma tana ɗinka maɓalli da hannu, sandunanta a jingine da bango. Ya durƙusa a gabanta ya faɗa mata komai: layin, da rubutun Baba, da gargaɗin da na yi masa. Ni ma na faɗi nawa. Ta ajiye allurar ta dube shi.

“Ka san gidana yana can lokacin da ka goge?” ta tambaya.

“Na sani, Yaya.”

“To me ya sa ba ka zo ka tambaye ni ba? Shekara talatin ina kallon ruwan nan daga ƙofar gidana. Na san dutsen da yake rufewa in ya yi fushi. Da ka zo da na riƙe hannunka na nuna maka, kamar yadda na nuna maka hanyar makaranta.”

Ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro, yana cewa ta yafe masa.

“Na yafe maka nawa,” ta ce. “Kai ɗan ɗakina ne, ina zan kai ka? Amma ƙafa ɗaya na yafe da gida ɗaya. Saura gida goma sha shida. Tashi ka wanke fuskarka, ka je ka faɗa musu da bakinka.”

Ranar muka fara. Gida uku muka iya zuwa kafin rana ta faɗi, a na ukun ma ba a bari mun zauna ba.

Darasin wannan labari shi ne, aikin jama’a yana da jeri, kuma wanda ya tsallake na farko don ya yi na ƙarshe saboda shi ake gani, wasu ne za su ɗauki nauyin gaggawarsa, wataƙila ma nasa na jiki. Duk wanda aka damƙa wa tsarin gari ya girmama abin da na gabansa suka bari, ya je wurin da ƙafarsa, ya tambayi mazauna kafin ya taɓa ko layi ɗaya. Wanda kuma ya ga ana kuskure ya faɗa sau ɗaya sannan ya taya aka yi, kada ya ce hannunsa tsaf yake. Ni shaida ne.