Bakin Tambari da 'Yar Fari

Akwai wani manomin albasa a Maikujera, Malam Tambari, wanda ke cewa tun da aka haife shi magana ba ta taɓa maƙale masa a wuya ba. A cewarsa, ya taɓa yi wa kada faɗa a dam ɗin Goronyo har kadan ya ba shi haƙuri. Ba wanda ya gani, amma ya rantse.

Wata Juma'a liman ya ja hankalin iyaye su riƙa koya wa 'ya'yansu kare jikinsu daga masu lalata da yara. Da aka fito, a majalisa kowa sai sosa ƙeya.

"Wanga shi ne abin wuya?" in ji Tambari. "Ku bari in yi ma tawa, in dawo in koya muku."

Sai dai tasa ɗin 'yar fari ce, Mashkura. Don kunyar 'yar fari, ko sunanta bai taɓa faɗa ba, "ke" ce kawai. Ga shi ranar Lahadi yayarsa Ikilima za ta tafi da ita Goronyo karatu, cikin mutanen da bai sani ba.

Ya shimfiɗa tabarma, ya kira ta, ya gyara murya har sai da tari ya zo.

"Ke, kin san albasa na da ɓawo?"

"Na sani, Baba."

"To, madalla. Tashi ki tahi."

Ya lallaɓa wurin matarsa. "Uwaliya, wagga magana ta mata ce."

"Malam, ni ma ɗiyar fari ce gare ni. Kai da ko kada ka jin tsoronka, yarinya ta gagare ka?"

Washegari ya sake gwadawa, ya ɗauko zancen akuya da shingen gona. Ya yi ta kewaye-kewaye har Mashkura ta fara hawaye, tana rantsuwa ba ita ta bar awaki suka ci gero ba.

Ana haka Ikilima ta iso. Da Uwaliya ta ba ta labari, ta yi dariya har da riƙe ciki. Tambari ya nemi sulalewa, ta ce, "Zauna nan, sarkin baki."

Ta jawo yarinyar jikinta.

"Mashkura, duk inda tufafi ya ruhe, naki ne ke ɗai. Ba mai taɓawa, ba mai cewa ki nuna mai, ko ɗan'uwa ne, ko malami, ko maƙwabci. Wanda ya ba ki kyauta ya ce kar ki hwaɗa ma kowa, shi za ki fara hwaɗi. Ki ce a'a da ƙarfi, ki gudu inda mutane. In wani abu ya faru, ba laihinki ba ne."

Mashkura ta saci kallon mahaifinta. "Gwaggo, in na hwaɗi, Baba ba ya buguna?"

"Ga shi nan. Tambaye shi."

Tambari ya kalli rumbu, ya kalli kaji. Sannan ya dubi 'yarsa.

"Ba ni bugunki," ya ce, murya na rawa. "Kome anka yi miki, ki zo gare ni. Zan yarda da ke, Mashkura."

Yarinyar ta zaro ido jin sunanta a bakinsa, sai murmushi. Uwaliya ta shige ɗaki tana share ido da gyale.

Ranar Lahadi mota ta tashi da su. Tambari ya isa majalisa yana baza babbar riga.

"Tun azahar har la'asar nike bayani. Yayata da kanta ta ce in ƙara mata."

Maƙwabcinsa Atiku ya ajiye kofin shayi.

"Tambari, zana ɗaya ta raba gidajenmu. Muryar mace nij ji tun daga farko. Taka sau ɗaya ta hito, kuma rawa takai."

Majalisa ta kwashe da dariya.

"Amma matso," in ji Atiku. "Wannan guda ɗin, mi kac ce? Ni ma ina da ɗan fari."

Darasi: Kunya ado ce, amma kada ta hana mu kare 'ya'yanmu, maza da mata. Mu gaya musu a fili, mu tabbatar musu in sun faɗa za mu saurara, ba duka ba. In bakinka ya yi nauyi, nemi wanda zai taya ka, amma ka zauna a wurin. Ku tura wa sauran iyaye.