Ƙafar Gizo da Ba Ta Shiga Ruwa Ba

"Ga ta nan, ga ta nanku," in ji Kaka Liyatu, "har da kai Irimiya, mai gyangyaɗi a coci."

"Ta zo mu ji ta, Kaka," in ji jikokinta.

A wani gari na bakin kogi, dabbobi suna zaune cikin tsoron Kura. Ita kuwa Kura da tsufa ya fara kama ta, gudu ya gagara, sai ta shimfiɗa buzu a gindin tsamiya ta ce ta zama bokanya. Laya take ɗinkawa ta maganin haƙori, wai duk wanda ya ɗaura babu haƙorin da zai kama shi, har da nata. Ku ji fa, mai cizon ce take raba maganin cizo, dabbobi kuma suna rige-rigen karɓa. Sharaɗi ɗaya ta kafa, kada ruwa ya taɓa layar.

Gizo ne ya fara karɓa, don duk garin babu matsoraci kamarsa. Ƙafa takwas gare shi, sai ya ɗaura tasa a ta takwas, ta can baya, inda ido ba ya kaiwa.

Ana nan sai ga Zalɓe ya sauka a garin da bishara. Ya tsaya a bakin kogi yana ba da labarin Yesu Almasihu, yana cewa duk wanda ya ba shi ransa dukansa ba ya bukatar wani mai tsaro. Ƙoƙi matar Gizo ce ta fara ba da gaskiya, ta tsinke layarta ta jefa a murhu. Tun daga ranar take barci har da munshari, Gizo kuwa ko kara ya faɗi a tsakar gida sai ya zabura. Barcin nan ya ba shi sha'awa ƙwarai. Tuwon shinkafar da zumuntar mata suke dafawa ran Lahadi shi ma bai rage masa sha'awar ba.

Sai ya zauna ya yi shawara da kansa. Ya ce, "Ƙafa takwas gare ni. In na ba Yesu bakwai, ai ya samu. Wa ya taɓa ba shi bakwai? Shi kansa Fasto Zalɓe biyu gare shi, ɗayar ma a naɗe take wuni. Ta takwas ɗin nan in ajiye ta saboda ko-ta-kwana."

Al'adar ikilisiyar ita ce, kafin a yi wa kowa baftisma sai ya kawo layarsa an ƙona a gaban jama'a. Akuya ta kawo tata, Zabuwa ta kawo tata. Gizo ya yanko guntun fatar tsohon takalmi, ya naɗe shi da zare, ya jefa a wuta yana kuka har da majina. Tunkiya ta sa kuka ita ma, tana cewa ba ta taɓa ganin tuba irin wannan ba. Gaskiyarta, ba ta taɓa gani ba.

Aka gangara kogi. Fasto Zalɓe ya shiga ruwa ya tsaya, yana nitsar da su ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan Gizo, ya kama shi ya nitsar, sai ga ƙafa guda tsaye a saman ruwa, an naɗe ta da tsumma.

"Ɗan'uwa Gizo, ƙafarka ɗaya ba ta shiga ba."

"Baba Fasto, gyambo ne da ita, ba ya son ruwa."

"Wanda za ka bi ai ya san gyambo. Sa ta."

Ya sake nitsar da shi, ƙafa ta sake tsayawa.

"Ɗan'uwa Gizo, har yanzu tana waje."

"Baba Fasto, ɗaga ta na yi ina yabon Ubangiji. A hana ni yabo?"

Mata suka ce amin daga bakin gaɓa. Zalɓe ya nitsar da shi karo na uku. Wannan karon Gizo ya cusa ƙafar a cikin ciyawar bakin ruwa, babu wanda ya gan ta. Ya fito yana tsiyaya, aka yi guɗa. Zalɓe ya dube shi ya ce a hankali, "Ni idona iyakarsa saman ruwa. Akwai mai gani har ƙasansa." Gizo ya ce amin da ƙarfi, ya fi kowa.

Daga nan fa Gizo ya zama ɗan gaba a coci. Shi ne mai kiɗa, ƙafa bakwai a kan ganga, waƙa kuwa har jijiyar wuyansa tana tashi. In ana addu'a ya fi kowa runtse ido. Ran Asabar da hantsi kuma sai ya bi ta bayan gari ya durƙusa a gindin tsamiya ya gai da Kura, don kada ta ce ya yi girman kai. Ita kuwa sai ta sunsuni iska ta yi murmushi ta ce, "Madalla da mai riƙon amana."

Ƙafar nan ta fara wari, ƙudaje suna binta duk inda ya je. Wata rana Ƙoƙi ta ce, "Maigida, me ya sa in kana wanka ƙafa bakwai kake wankewa?"

"Ke mai ƙidayar ƙafafu ce yanzu?"

"Na ga zaren laya a ƙarƙashin tsumman nan. Don Allah ka cire ta. Ina jin tsoro a kanka."

"Ke dai ki riƙe bangaskiyarki, ni na riƙe biyu. In ɗaya ta suɓuce, ɗaya tana nan."

Ƙoƙi ta juya ta yi hawaye, don tana ƙaunar mijinta duk da halinsa.

Rani ya yi nisa, daji ya bushe, yunwa ta kama Kura. Ran wata Lahadi ana tsakiyar waƙa, Zalɓe ya miƙa dogon wuyansa ta taga ya hango ta tafe, tana dalalar da miyau. Ya ce, "Jama'a, kowa ya yi kogi. Ku shiga gaba ɗayanku, ku ɓuya a ƙarƙashin ganyen bado. Idonta ya mutu, da hanci take farauta, ruwa kuwa yana kashe wari."

Kan ka ce me, duk an afka ruwa, hanci kawai kowa ya bari a ƙarƙashin ganye. Gizo ma ya afka. Amma da ya tuna sharaɗin laya, sai ya matsa kusa da gaɓa, ya ɗaga ƙafa ta takwas a cikin ciyawa, daidai inda ya ɓoye ta ranar baftisma. Yau ce ai ranar da ya ajiye ta dominta.

Akuya ta yi masa raɗa, "Ɗan'uwa, sauke ƙafarka."

"Ki ji da gemunki."

Zalɓe ya ce, "Gizo, sa ta a ruwa. Har yanzu da sauran lokaci."

"Baba Fasto, ka yi mini addu'a kawai, sauran na san yadda zan yi."

Ƙoƙi ta kama shi. "Maigida, don girman Allah, saki layar nan ka matso tsakiya wurinmu."

Gizo ya dubi tsakiyar kogi, ya ga zurfi. Ya dubi layarsa, ya ga aba ce da yake iya taɓawa. Ya ƙara ɗaga ƙafar sama don kada ko ɗigo ya same ta.

Kura ta iso bakin kogi. Ta sunsuna gabas, babu kowa. Ta sunsuna yamma, babu kowa. Har ta juya za ta tafi da yunwarta, sai iska ta kaɗo mata warin da ta sani. Ta bi shi a hankali har cikin ciyawa, ta sa haƙori ta cafke ƙafar.

Gizo ya ce, "Ranki ya daɗe, ni ne fa, Gizo. Ga layarki a jikina."

"Na sani, ai ita ta kawo ni. Ruɓaɓɓen kitse ne da daddawa a ciki, don in riƙa sanin inda abincina yake kwana. Shi ya sa na ce kada ta jiƙe. Duk garin nan kai kaɗai ka ji maganata, Allah ya yi maka albarka."

"To ai ni na Yesu ne yanzu. Sau uku aka nitsar da ni, tambayi Fasto."

"Na Yesu ga su can, ko warinsu ban ji ba. Ni ƙafata nake ja. In sauran jikinka yana so ya biyo ta, wannan tsakaninku ne."

Ta ja. Ƙafa bakwai masu kiɗan ganga suka biyo ta takwas, ɗaya bayan ɗaya, har kan tudu. Ƙoƙi ta riƙe shi iya ƙarfinta, ya suɓuce daga hannunta. Kura ta yi daji da shi.

Da yamma aka fito daga ruwa, aka duba, kowa yana nan sai mutum ɗaya. Ƙoƙi ta bi sawu tana kuka mai cin rai, har ta tsinci layar a kan yashi. Aka taru ana dubawa. Gaskiya Gizo ya iya adana kaya, a bushe take ƙayau, ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba.

"Kaka, ta cinye shi?" in ji Tabita, ɗaya daga cikin jikokin.

"Kura ce fa, 'yar nan, ba zumuntar mata ba."

"To da ya jiƙa ƙafar ran baftisma, shi ke nan ya tsira?"

"Ba ruwan kogi ne maganar ba, zuciya ce. Abin da ya hana ƙafar shiga ruwa, shi ya hana zuciyarsa shiga hannun Ubangiji. In za ku bi Yesu, ku bi shi da dukan ranku, kada ku ajiye wani lungu saboda ko-ta-kwana. Mugun ba ya neman ƙafa takwas. Guda ɗayan nan da kuka hana Ubangiji ta ishe shi abin riƙo, da ita zai janye sauran."

Irimiya ya janyo ƙafarsa daga bakin tabarma.

"Ƙungurus kan kusu," in ji Kaka Liyatu. "Ku tashi ku wanke ƙafafunku, duka biyun."