Birkin da Malam Tanimu Bai Taka Ba

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na ambaci sunansa ba, ana ce masa Malam Tanimu. Tsohon direba ne. Da ƙarfi ya ƙare sai ya dawo gida da wata tsohuwar mota, wadda in ta tashi duk unguwa sai an ji tarinta. Ku saurara, jama'a: makullin motar nan ba a aljihunsa yake kwana ba. A jikin ƙusa yake rataye, a zaure. Wanda ciwo ya kama, wadda haihuwa ta zo wa, ba sai an nemi izini ba, a ɗauka kawai a tafi asibiti.

Shi yake gyaran abarsa a ƙofar gida. Wata rana ya ji birki yana kuka, ƙarfe na cin ƙarfe. Ya ɗaga motar da jak, ya cire taya, ya ga fad ɗin birki ya cinye, faifan da yake matsewa kuma duk ya yi zane. Ya sayo sababbi, ya zauna a kan buhu yana ɗaurawa. Matarsa, Inna Delu, wadda suka tsufa tare, ta kawo masa kunu.

Ta ce, "Malam, kai da motar nan ban san wanda zai riga wani gajiya ba."

Ya ce, "Ke dai ajiye kunun, hannuna duk baƙin mai ne."

To, masu mota sun san wani abu. In an sa sabon fad, ba a tayar da mota a tafi. Sai an zauna an yi ta taka birki, a taka a saki, a taka a saki, har ya yi tauri a ƙafa. In ba haka ba, takun farko ƙafa za ta tafi har ƙasa, motar kuma ba za ta tsaya ba. Malam Tanimu ya san wannan kamar yunwar cikinsa. Amma yana ɗaure notin ƙarshe sai aka tayar da sallar Azahar. Ya sauke motar, ya ce a ransa in ya dawo ya taka. Ya wanke hannu, ya rataye makulli inda ya saba, ya tafi masallaci.

Yana cikin sahu, naƙuda ta tsananta wa matar maƙwabcinsa Lawandi tela, can gangaren layi. Inna Delu ta yafa mayafi ta yi gaba don ta taimaka. Lawandi ya rugo ya zari makulli, ya tayar da mota, ya gangara. Ya hango tsohuwa a gabansa, ya taka birki, ƙafa ta tafi har ƙasa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin La'asar Inna Delu ta cika.

Gari ya ɗauka. Kowa cewa yake Lawandi ya yi gudun hauka a cikin layi. Shi kansa Lawandi, don ruɗewa, ya kasa tuna ko birki ya taka ko totur. Shafi'u, babban ɗan marigayiya, ya rantse sai ya ga an ɗaure shi. Matar Lawandi ta haihu lafiya, amma ba wanda ya shiga yi musu barka.

Ku saurara da kyau, nan ne wurin jarrabawa. Ba wanda ya san maganar birkin nan sai Malam Tanimu da Ubangijinsa. In ya yi shiru, shi ne abin tausayi, shi ake yi wa ta'aziyya. Wa zai tuhumi mutumin da aka kashe wa mata? Ya zauna a kan tabarmar makoki, ana cewa "Allah Ya ba da haƙuri," yana amsawa, zuciyarsa kuwa tana ƙuna. Yana duban hannuwansa, har yanzu da sauran baƙin mai a ƙarƙashin farce.

Ranar addu'ar uku, zaure ya cika. Lawandi ya zo ya durƙusa daga bakin ƙofa, ya kasa shiga. Shafi'u ya miƙe zai kore shi. Sai tsohon ya ce, "Zauna, Shafi'u. Lawandi, matso kusa da ni."

Lawandi ya ce, "Baba, da wane ido zan dube ka?"

Ya ce, "Da idon da Allah Ya ba ka. Jama'a, ku shaida. Wannan bawan Allah ya taka birki. Birkin ne babu. Ni na sa sabon fad, na tafi salla ban taka ba, na kuma rataye makulli kamar motar ta gama gyaruwa. Ajali na Allah ne, amma sanadi daga hannuna ya fito. Kada wanda ya ƙara ɗora masa."

Shafi'u ya ce, "Baba, kai ne?" Ya ce, "Ni ne, ɗana." Shafi'u ya tashi ya fita, kuma an daɗe kafin ya iya zama cin tuwo da mahaifinsa. Waɗanda jiya suke tausaya wa tsohon, yau suna nuna shi da baki. Ya rasa mata, ya rasa sanyin ɗa, ya rasa ganin girman da ake yi masa. Amma da ranar suna ta zo, unguwa ta shiga gidan Lawandi, aka raɗa wa jaririya sunan marigayiya.

Makullin kuwa bai bar ƙusar nan ba. Sai dai har ƙarshen ransa, kullum da safe za ka gan shi cikin motar a tsaye, yana taka birki yana saki, hawaye na bin gemunsa.

'Yan'uwa, gaskiyar da ba ta ci maka komai ba, kowa ma yana iya faɗinta. Gaskiyar da ake auna mutum da ita, ita ce wadda in ka yi shiru ba mai kama ka, in ka faɗa kuma kai za ta ƙona. Kowannenmu a nan ya duba: wa yake ɗauke da laifinka yau, kana kallo? Wane aiki ka bari rabi ka ce in ka dawo? Ka je ka sauke wa ɗan'uwanka kayan da ba nasa ba, tun kafin ranar da hannuwa za su yi magana. Allah Ya jiƙan Inna Delu, Ya ba mu zuciya irin ta Malam Tanimu.