Muryar da Auta ta kasa ɗauka

Akwai wata yarinya, autar gidansu, da babu muryar da ba ta iya kwaikwaya. Tarin da Baba ke yi kafin ya fara faɗa, da yadda Umma ke jan "to" idan ba ta yarda da magana ba, duk suna bakinta. Amma wanda ta fi addaba shi ne yayanta, mai gwada ido yana haɗa wa mutane tabarau.

Duk shekara Yaya kan ɗauki hutunsa ya tafi wata ƙasa mai nisa, ya yi wa tsofaffi tabarau kyauta. Bara bai je ba. Ɗan ciwo ya yi, Allah ya karɓi abinsa.

Wata rana Umma na ninke rigunansa, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Auta, yi min maganar yayanki."

Auta ta buɗe baki, babu abin da ya fito. Ta saurari saƙonninsa na waya har ta haddace, amma duk "ina hanya" ne da "a rage min abinci". Muryar tsokanarsa, wadda Umma ke kewa, ta ɓace mata.

Da lokacin tafiyar ya zagayo, Umma ta ce su za su bi abokan aikinsa a madadinsa.

"Ni da ban san gilashi ba sai na mota?" in ji Baba, tsohon direba. Shi ya riga kowa haɗa jaka.

A can ƙasar, a wani ajin makaranta ake aikin. Baba na tsaron layi, yana yi wa mutanen da ba sa jin yarensa faɗa, suna gyaɗa masa kai. Umma na goge tabarau. Auta ke saka wa mutum a fuska idan an gama gwada shi.

Ta saka wa wani tsoho, ta yafito na baya. Tsohon ya ƙi tashi.

"Wai ba ki gama aikin ba," in ji mai fassara. "Ba haka mai tabarau ke yi ba."

Tsohon ya miƙe, ya zaunar da ita a kujerar. Ya ja da baya, ya karkace kai, ya dafa ƙirji. Shi da bai san ko "sannu" ba, sai ya ce da Hausa, har da jan ƙarshen nan na Yaya:

"Ka ganni yanzu? Ai na faɗa maka ni kyakkyawa ne."

Layin ya ɗauki dariya, wasu na maimaitawa. Ashe haka Yaya ke yi wa kowa, don ya ga ko idon ya buɗe.

Auta ta tashi, ta saka wa wata tsohuwa nata, ta ja da baya, ta karkace kai. Muryar ta fito, ba ta rage komai ba.

Baba ya juya wa layin baya yana tari, tarin da babu faɗa a bayansa.

Umma ta ajiye tsumman hannunta.

"Sake," ta ce.

Darasi: Alherin da mutum ya yi ba a binne shi tare da shi, yana nan a hannun waɗanda ya taimaka. Idan kewar wanda ka rasa ta dame ka, je ka ci gaba da aikinsa, a can za ka tarar da abin da ya bari. Ku tura wa duk wanda ke kewar ɗan'uwansa, ku sa namu da naku a addu'a.