Hajiya Kuluwa da Littafi na Uku

Masu ba da labari sun ce a wani gari na bakin hanyar mota an yi wata mata, Hajiya Kuluwa, wadda Allah ya jarabce ta da son littattafan fassara. Labarin mutanen ƙasashen da ƙanƙara ke zuba ne, ko na masu cin shinkafa da tsinke, in dai an juyo shi da Hausa, sai ya kwana a ɗakinta. Ita ce shugabar wata ƙungiyar mata masu karatu, suna haɗuwa a falonta duk Asabar bayan la'asar. Littafin da ta yaba shi ne littafi, wanda ta yatsine wa fuska kuwa sai ya yi kwantai a shago. Doka ɗaya ta kafa musu: duk wadda ta faɗa wa wata ƙarshen labari kafin ta kai can da kanta, ta ɗauki mayafinta, kada a sake ganinta. Har ƙanwar mijinta ta kora a kan haka.

Kuluwa tana da aminiya tun ta ƙuruciya, sunanta Yelwa. A bana gobara ta tashi a kasuwa, mijin Yelwa ya koma cikin rumfa zai fito da kaya, bai fito ba. Kuluwa ta je gaisuwa ran uku, ta je ran bakwai, daga nan ƙafarta ta ɗauke, don ita gidan makoki yana takura mata rai. Da abin ya fara damunta, sai ta ce bari ta aika wa mai takaba abin da zai ɗebe mata kewa. Ta ɗauko wani labari mai kashi uku, na wata matar mai gidan burodi. Na ɗaya ta karanta, ta yi dariya har da hawaye, ta yabe shi a gaban ƙungiya. Na biyu da na uku ko ledarsu ba ta yage ba.

Tana cikin ɗaure su a ƙunshi sai ga Goggo Tasalla, ƙanwar mahaifinta. Tsohuwa ce mai kaifin harshe, wadda sai da furfura ta fito mata ta koyi karatu, kuma tun daga nan ba ta taɓa ajiye littafi a rabi ba.

"Ina zuwa da wannan?"

"Gidan Yelwa, Goggo. Ta ɗan yi dariya, baiwar Allah."

"Kin kai ƙarshensa?"

"Ai wanda ya ji farkon nan ya san sauran. Ke kin karanta?"

"Tas."

"To, ba daɗi?"

"Ni kike so ki kora da tsufana? Dokarki ce ta ɗinke mini baki. Amma dokar ba ta hana ni ba ki labarin Tanimu mai hayar littattafai ba."

Kuluwa ta dubi ƙunshin, ta dubi tsohuwar. Ta san in ba ta saurara ba, ba za a bar ta ta sha ruwa ba. Ta ce, "Wane ne Tanimu kuma?"

Goggo Tasalla ta gyara zama, ta ce:

A bakin tashar wani gari an yi wani mai shagon hayar littattafai, Tanimu. Mutum ne mai daɗin baki. Duk littafin da aka kawo, sai ya karanta bayan bango, ya leƙa babi biyu na farko, shi ke nan ya zama malaminsa. Kowa ya zo sai ya ce, "Kai, wannan in ka ɗauka ko abinci ba za ka ci ba." Da yake masu haya kunya suke ji su dawo su ce ba su ji daɗin abin da gwani ya zaɓa ba, sai sunansa ya tafi.

Ran nan wani direba, Sallau, ya zo. Ya ja Tanimu gefe, ya ce, "Malam Tanimu, iyalina na kwance. Likita ya gaya mini abin da ya gaya mini, ita kuwa na ce mata shawara ce, za ta wuce. Ba ta iya karatu ba, amma tana son labarin mutanen nesa. Ka ba ni wanda zai sa ta dariya, ni zan riƙa karanta mata."

Tanimu ko tunani bai yi ba, ya zaro wani. "Ga shi nan, dariya zalla. Wasu mata da miji ne masu kiwon agwagi, kullum cikin shirme. In ba ta warke don dariya ba, ka dawo ka zage ni."

Da farko haka aka yi. Asabe, matar Sallau, tana kwance tana riƙe ciki, tana cewa, "Maigida, wallahi wannan mijin kai ne, har rowar." Ashe a tsakiyar littafin matar mai agwagi ciwo ke kama ta. Ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, abinci ba ya zama. Mijinta ya je wurin likita, ya dawo yana murmushi, ya ce mata ba komai, za ta tashi. Sallau yana karantawa da ƙarfi, sai da kalmomin suka fita daga bakinsa sannan ya ji abin da ya faɗa. Ya yi tari. Ya buɗe shafi. Ya shiga ƙirƙira, wai an samo wani magani daga tsibiri, matar ta miƙe, an yanka agwagwa.

Asabe ta bar shi ya gama. Sannan ta ce, "Ban san baƙi ba, amma na san idonka. In kana karatu yawo yake yi daga wannan gefe zuwa wancan. Tun ɗazu wuri ɗaya yake kallo. Mutuwa ta yi ko?"

Sallau ya rufe littafin.

Ta ce, "To, na ji nawa." Ta juya wa bango fuska. Can ta ce, "Shi wanda ya ba ka littafin, ya shiga ruwan kuwa, ko irin Ɗan'azumi na bakin gulbi ne?"

Bayan an yi sadakar arba'in ɗinta, Sallau ya mayar da littafin shago. Tanimu ya tarye shi da fara'a, "Yaya, an sha dariya?" Sallau ya ce, "An sha. Marigayiya ta bar maka saƙo, labarin Ɗan'azumi na bakin gulbi." Tanimu ya yi tsuru-tsuru, ya ce, "Ina ji." Sallau ya ce:

Wani mutum ne gidansa ke bakin gulbi. Kullum a nan yake alwala, a nan yake wanke riga, har aka ɗauka ba wanda ya san ruwan kamarsa. Wata rana wani falke ya iso da jakuna ɗauke da gishiri, ya ce, "Mai gari, ruwan nan yaya zurfinsa?" Ɗan'azumi ya ce, "Iya gwiwa. Shekara da shekaru ina shigarsa." Falke ya kora jakuna. Suka wuce gwiwa, suka wuce ƙugu, a tsakiya ƙasa ta ƙare. Jaki ɗaya ya tafi da kayansa, sauran suka fito da buhuna babu komai ciki sai ruwa. Falke ya dawo yana ɗiga, ya cafi wuyan Ɗan'azumi. Shi kuwa sai rantsuwa yake, "Wallahi ban yi maka ƙarya ba, inda nake tsayawa iya gwiwa ne!" Falke ya ce, "Da haka ka ce tun farko, da na nemi wanda ya taɓa hayewa. Gaskiyarka ta bakin gaɓa ce, ni kuwa tsallake za ni."

Sallau ya ajiye littafin a kan tebur, ya ce, "Ni na ɓoye mata, laifina ne, zan amsa a gaban Allah. Amma da ka ce mini babi biyu ka karanta, da ba bakina ne ya gaya mata ranarta ba."

Goggo Tasalla ta ɓare goro. "Tanimu dai bai rufe shago ba. Irinsu ba sa rufewa. Washegari ma wani ya yaba wa wani littafin."

Girman kai bai saki Kuluwa ba. "Haba Goggo, ki haɗa ni da ɗan tasha? Duk ƙungiya ta yabi littafin nan."

"Sun yabe shi don kin yabe shi. Ku kam ba karatu kuke yi ba, kuna ɗanɗana ne ku tofar, ku ruga ga sabo don kada wata ta riga ku faɗin sunansa. Dokar nan taki ma, kin ɗauka labari take karewa? Ku take rufa wa asiri. Tunda ba a faɗin ƙarshe, ba mai gane wadda ba ta kai ba."

Maganar ta soki Kuluwa. Ta kwance ƙunshin da fushi, ta yage ledar na uku, ta buɗe tsakiya don ta ƙaryata tsohuwar. Idonta ya sauka a kan hayaƙi. Gidan burodi ya kama da wuta, mijin ya koma ciki. Ta buɗe gaba. An kira matar ta zo ta duba gawa, marubucin bai rage komai ba, mai fassara ma bai tausaya ba, har zoben da aka gane shi da shi. Ta sake buɗewa. Matar na zaune ita kaɗai, ƙawayenta sai aiken abinci suke yi, ba mai zuwa da ƙafarta.

Littafin ya zame daga hannunta. "Innalillahi. Goggo, da na kashe Yelwa da ranta. Allah na gode maka da ba a kai ba."

"Wa ya ce miki ba a kai ba?"

Kuluwa ta ɗago.

"Naki ne ba a kai ba. Daga gidan Hajiya Baraka nake, ma'ajin ƙungiyarku. Tun makon jiya ta aika mata duka ukun, ta ce a gaya mata zaɓin Kuluwa ne, ta sha dariya. Yelwa kuwa ba irinku ba ce. Ita in ta ɗauki littafi sai ta ga ƙarshensa."

Kuluwa ta dubi littafin da ke ƙasa. Ta tuna yadda Yelwa ke karatu tun suna 'yan mata, yatsa a kan layi, ba ta tsallake ko kalma.

"Me zan ce mata?"

"Gaskiya. Ki ce na ɗaya kika karanta. Za ta yi zaton kin sani kika yaba, wannan ya fi ciwo. Gara ta san ke mai surutun banza ce da ta ɗauka ke muguwa ce."

"In ta ƙi kallona fa?"

"Sai ki zauna a tabarmar har ta gaji da ƙin. Gobe ma ki koma."

Kuluwa ta miƙe, ta jawo mayafi. A bakin ƙofa ta tsaya, ta ce, "Na karɓa, Goggo. Ran Asabar zan gaya musu, daga yau wadda ba ta kai ƙarshe ba kada ta buɗe baki ta yabi littafi. Ni ce farko."

Tsohuwar ba ta ko ɗago ba. "Asabar da nisa. Yi ta kanki, rana na faɗuwa."

Kuluwa ta fita hannu biyu babu komai, ta nufi gidan Yelwa. Iyakar abin da ya iso kunnenmu ke nan. Abin da aka ce da ita a can kuwa, ba mu shiga ba, ba za mu faɗa ba.