Motar da Ta Tashi Bayan An Kashe Mata Hon

Akwai wani manomi da ya sayi tsohuwar mota, kuma ba abin da yake so a jikinta kamar hon. In zai fita ya danna, in ya dawo ya danna, ko da akuya ba ta tare masa hanya ba. Maƙwabcinsa, wani tsohon direba, ya yi magana har ya gaji.

Wata safiya naƙuda ta kama matar manomin. Ungozoma ta duba ta ce wannan haihuwa sai asibiti, kada a ɓata lokaci. Aka kwantar da ita a bayan mota. Manomin ya murɗa makulli, inji ya yi gurnani, ya ƙi kamawa. Ga tanki cike da mai, ga batir da ƙarfinsa. Hankalinsa ya tashi, ya kwanta a kan hon har mutanen unguwa suka fito. Suka tura, suka tura, mota ta ce ba inda za ta.

Tsohon direban ya iso yana dogara sanda, ya ce, "Ɗana, ɗaga hannunka daga hon ɗin nan. Murɗa makulli kaɗan, kowa ya yi shiru."

Ya kasa kunne wajen tanki, sannan ya ce, "Famfon mai ba ya motsi. Ina zaton rilensa ne ya ƙone, ɗan abin nan da ke kai masa wuta."

Manomin ya ce, "Wayyo, Baba, ina zan samu wani yanzu?"

"Ai kana da shi. Da shi da na hon ɗinka irinsu ɗaya. Amma in na cire, hon ya mutu ke nan."

"Cire, Baba! Don Allah cire!"

Tsoho ya buɗe bonet, ya zare rilen hon ya sa a gurbin wanda ya ƙone. Murɗawa ɗaya, mota ta tashi. Manomin ya yi ajiyar zuciya, har da hawaye. Ya tuƙa shiru, yana roƙon masu keke da hannu su ba shi hanya. Matar ta sauka lafiya, aka samu 'ya mace.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: tankin nan alherin Allah ne, bai taɓa ƙarewa ba. Inji zuciyar mutum ce. Rile kuwa shi ne zaman da muke yi shiru a gaban Ubangiji, muna addu'a, muna sauraron Maganarsa. Da yawanmu namu ya ƙone tuntuni ba mu sani ba, domin bakinmu yana aiki. Mun iya waƙa, mun iya gardama a taron ikkilisiya, mun iya faɗa wa kowa laifinsa.

Amma ku yi murna, gyaran ba ya nesa. Lokacin da kake kashewa a kan surutu, shi ne addu'a take nema a wurinka. Cire shi daga can ka mayar nan tun yau, kada ka jira ranar da ran wani naka zai dogara ga tashin motarka.